Ranar da Itatuwa Suka Yi Yaji: Yadda Ake Ƙaga wa Yara Tatsuniyar Muhalli

Yawancin labaran kare muhalli da ke zuwa hannunmu don mu karanta wa yara a aji, wa'azi ne aka ɗora masa hular Gizo. Yaro ya sare bishiya, wani tsoho mai farin gemu ya ɓullo daga bayan tsauni ya jero masa amfanin bishiya guda biyar, yaron ya fashe da kuka ya ce ya tuba, ƙurunƙus. Ni malamin firamare ne, na san abin da 'yan aji huɗu ke yi da zarar an iso wurin tsohon nan: wannan ya mintsini wancan, waccan ta ɗaga hannu za ta je shan ruwa. An ce musu "ga ta nan, ga ta nanku", sun amsa "ta zo mu ji ta" da zuciya ɗaya, sai ga darasi ya biyo ta bayan gida. Yaro yana gane an yi masa wayo, kuma ba ya saurin mantawa.

Ga hanyar da nake bi idan zan ƙaga irin wannan tatsuniya, ko za ta amfani malamai 'yan'uwana da iyaye da masu sha'awar rubuta wa yara. Zan riƙa kafa misali da wata da na ƙaga wa 'yan ajina, don magana ta zauna a ƙasa.

Nemo abin mamakin da Allah Ya riga Ya ajiye

Kafin ka ƙirƙiro aljani ko tsuntsu mai magana, zaɓi bishiya ɗaya ko dabba ɗaya ta yankinku ka san halinta ciki da waje. Zauna da tsohon manomi, ko Bafulatanin da ke kiwo a bayan gari, ko mai baza saiwoyi ranar kasuwa, ka yi ta tambaya. Abin da za ka jiyo ya fi duk wanda za ka ƙago kana kwance a ɗaki.

Ɗauki gawo. Yawancin itatuwanmu da damina suke yin ganye, su kaɗe da rani. Shi gawo ya juya musu baya: ruwa na sauka sai ya zubar da nasa ya tsaya tsirara, sai kaka ta wuce, hunturu ya kama, sannan ya yi kore shar. Shi ya sa gero da dawa ke yin kyau a gindinsa. Ba ya tare musu rana lokacin da suke bukatarta, ganyen da ya zubar taki ne, inuwarsa ta rani kuma tana tara dabbobi su ci 'ya'yansa su bar kashi a wurin. Ƙwayar irin nasa ma ta cikin akuya da saniya take bi ta fita ta tsira a wata gonar. Har ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na da sun kafa doka mai tsanani a kan wanda ya sare shi. Faɗa wa yaro wannan, tambayarsa ta farko ita ce: me ya sa yake saɓa wa sauran? Da wa ya yi faɗa? To, tatsuniya ta sami ƙofa ke nan.

Ko gaiwa, kifin da idan fadama ta ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar 'yar kafar shan iska, ta kwanta watanni har ruwa ya dawo. Ko furen kuka, fari babba, wanda sai da almuru yake buɗewa, jemagu su zo shan zaƙinsa su riƙa kai garin fure daga wannan itace zuwa wancan. Ɗorawa ma jemagu na yi mata wannan hidima. Yaron da ke harbin jemage da danƙo bai san akwai igiya tsakanin abin da yake harbi da kalwar da uwarsa ke dafawa ta yi daddawa ba. Ko shamuwa, da ke isowa gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa a tsakiyar gari, ta cinye mana fara, ruwa na ɗaukewa ta nufi kudancin Afirka. Wa take kai wa labarinmu a can?

Ni abin da na ɗauka daga Maraɗi ya fito. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo yana aikin dashen itatuwa a yankin, dashe yana ta mutuwa. Sai ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara lokacin sharar gona, toho ne na kututturan manyan itatuwan da aka sare tuntuni, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne a bar 'yan rassa masu ƙarfi, a rage sauran, a tsare su. Manoma suka kama abin, ana ce masa sassabin zamani, wasu kuma musamman a Damagaram da ma suna da tasu al'adar barin gawo a gona. Bayan kimanin shekara 20, masu bincike da hotunan tauraron ɗan'adam suka kiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Daji guda a ƙarƙashin ƙafafun mutane, yana jira. Ban ƙara masa komai ba sai baki.

Ga yadda ta kasance. Wata yarinya, Hansai, tana kiwon akuyar kakarta a garin da babu inuwa ko ta kabarin ɓera. Akuya ta zurma rami a gindin wata 'yar sabara, Hansai ta bi ta. A can ƙasa ta tarar da itatuwan garin duka, Kalgo da Sabara da Geza da Kanya, sun zauna sun juya baya. Inna Kalgo ta ce mata: "Kowace shekara mukan aika ɗa ya leƙa ko an huce, kowace shekara ku fille masa kai. Mun yi yaji." Duk yaron Bahaushe ya san yaji, ya kuma san wanda aka yi wa yaji sai ya je biko. Ban bukaci bayyana komai ba. Ajin da kansa ya ce, "To a je biko mana!"

Sihirin ya zama mai doka, kuma mai tsada

A nan ne masu rubutu suka fi sakaci. Idan komai na iya faruwa a labarinka, babu abin da zai dami yaro. Tatsuniyoyin kakanninmu duk da doka suke tafiya: kada ka waiwaya, kada ka buɗe ƙwaryar sai ka isa gida, kada ka faɗi sunan. Yaro yana riƙe dokar da hannu biyu, yana jiran ranar da za a karya ta.

Dokar tawa guda ce. Itatuwa ba sa magana sai da wanda hannunsa bai taɓa riƙe ƙarfen sara ba. Shi ya sa Hansai ke jin su, ubanta ba ya ji. Amma sharaɗin bikon da Inna Kalgo ta gindaya shi ne, a cikin tohon da ke fitowa a kowane kututture, sai an zaɓi masu ƙarfi an bari, an yanke sauran, in ba haka ba za su yi ta cin juna babu mai girma. Manya sun ƙi yi, sun ce shirmen yara ne. Ya rage Hansai ta ɗauki wuƙa da kanta, kuma ta san ranar da ta ɗauka ta daina jin muryarsu har abada. Lokacin da na kawo nan, aji ya rabu biyu, wasu na cewa kada ta ɗauka. Na bar su suka yi gardama kafin na ci gaba.

Duba abin da dokar ta yi mini a ɓoye. Ta nuna cewa sara ba shi ne laifi ba, yadda ake saran ne. Wannan ya fi "kada a sare bishiya" gaskiya, domin yaran nan da itace ake dafa musu tuwo, da itace ake yin ƙotar fartanyar ubansu.

Kada kuma ka yarda sihiri ya yi gyaran. Idan aljana ta kaɗa sanda daji ya dawo, ka koya wa yaro ya zauna ya jira aljana. Sihiri ya buɗe masa ido ya ga abin da ke ɓoye, aikin kuwa ya zama na hannu, irin wanda ɗan shekara 10 zai iya. Na sa aikin Hansai ya bi yadda manoma ke yi da gaske: ta zaɓi rassa uku zuwa biyar mafiya miƙewa a kowane kututture, ta yanke sauran da wuƙa mai kaifi tana sarowa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage, ta rage ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsayi, ta ɗaura jan ƙyalle don a san da mai shi. Sai tsaro. Babban abokin gabarta ya zama akuyar da ta kai ta ramin tun farko, kuma yara sun fi son wannan ɓangaren fiye da kowane. Na kuma bar lokaci ya yi tsawonsa: damina uku kafin a sami inuwar da jariri zai kwanta.

Uban Hansai ma na ba shi hujjar da manoma ke bayarwa da gaske. Ya ce itace a gona tsuntsaye yake tarawa su cinye gero, kuma gonar da aka bar wa tsirrai gonar rago ce, dariya za a yi masa. Mutum ne mai son 'yarsa, mai tsoron yunwa da tsoron bakin mutane. Ban sa ya tuba ba. Na sa wata rana iska mai yashi ta binne shukar maƙwabta, ta bar tasa a bayan 'yan kalgon Hansai, ya tsaya ya daɗe yana kallo, washegari aka gan shi da jan ƙyalle a aljihu.

Wa zai zama mugu?

Ba matar da ke ɗebo itace ba. Ina roƙon masu rubutu su kiyaye wannan. Rabin ajina uwayensu ke nan, kuma kowa ya san kuɗin gas. Labarin da ya mai da uwar yaro muguwa, ko dai yaron ya tsani labarin ko ya koma gida da kunya, duka biyun asara ce.

Muna da Gizo, me ya kai mu neman wani? Haɗama da wayon banza da son a yabe shi, duk ya tara. A tawa, da Gizo ya ji sarki ya yi alkawarin doki ga wanda ya dawo da itatuwa, sai ya tafi wani gari da dare ya karyo rassa masu ganye, ya kakkafa su a bakin hanya babu saiwa, ya kira makaɗa da maroƙa. Sarki ya zo, aka yi guɗa, Gizo ya yi jawabi da tsamin bakinsa. Kwana uku duk suka bushe, Ƙoƙi ta kwashe ta hura wuta. Yara sun yi dariya har da riƙe ciki, kuma na san dalili: sun sha ganin bikin dashen itace, an zo da motoci an ɗauki hoto, ba wanda ya sake dawowa da bokitin ruwa. Ban ce musu komai a kai ba.

Dodo kuwa sai da lura. Abu mafi sauƙi shi ne a mai da hamada Dodo mai haɗiye garuruwa, amma ni ba na yi, don yaro ba shi da makamin da zai tunkari hamada, tsoro kawai zai kwasa. Idan yaran birni kake rubuta wa, ga Dodon da ya dace da su: leda. A ƙone shi, hayaƙinsa ya shaƙe mutane. A binne shi, ya ƙi ruɓewa. A jefa shi a kwata, ya toshe ta ruwa ya shiga ɗakuna. Ya shige cikin tunkiyar layya ya kwanta, kuma duk mahauci zai gaya maka irin dunƙulen ledar da suke cirowa daga tumbin dabbobi. Gwaji uku da faɗuwa uku, yadda tatsuniya ke so, kafin a gano cewa ba a kashe shi, sai dai a daina gayyato shi gida.

Akwai maganar iyaye, kuma ba ta wasa ba ce. Wasu ba sa son jin aljanu da itace mai magana a bakin malamin makaranta. Ina ganin suna da hakkin tambaya. Abin da nake kiyayewa shi ne, babu yanka, babu roƙon bishiya, babu kai mata fura ko turare. Itatuwan nawa bayin Allah ne kamar kowa, idan Hansai ta tambayi Inna Kalgo yaushe ruwa zai zo, cewa take yi wannan sai Mai sama. Kuma ina rufewa yadda aka gada, "ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya", wanda tun zamanin kakanni yake sanar da yaro cewa an fito daga duniyar ƙage. Da can tsoron aljanun tsamiya da kuka ya hana gatari taɓa itatuwa da yawa, wannan gaskiya ne, amma ba na neman dawo da tsoron. Hadisin nan na Bukhari da Muslim, cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi, ba na cusa shi a bakin bishiya. A wajen tatsuniya nake kawo shi, da girmansa.

Sa waƙa. Tatsuniyar da babu waƙa ba ta kwana a kan yaro. Gajeruwa, mai amshi, wadda za ta dawo sau uku ko huɗu. Tawa ita ce:

Kalgo, Kalgo, dawo gida,
Ba na zuwa, da gatari.
Sabara, Sabara, dawo gida,
Ba na zuwa, da gatari.

Ni ke bayarwa, aji na amsawa, kuma kowane zagaye sai na bar yara su ƙara sunan itacen da suka sani: aduwa, magarya, ɗinya, marke, kaɗanya. Wanda ya kawo sunan da ba a sani ba sai ya kwatanta mana ganyensa. A zagayen ƙarshe amshin ya juya ya zama "Ga ni tafe, a ba ni hanya."

Auna tsoron da za ka zuba. Cikin masu sauraronka akwai waɗanda abin ya taɓa da gaske. Yaron da ya kwana a kan rufi a Maiduguri lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ba ya bukatar ka zana masa ambaliya dalla-dalla. Kada ka ƙare labari a kan kufai. Amma kada ka yi ƙaryar cewa komai ya dawo daidai. A tawa, tsohuwar Kanya ba ta dawo ba, domin ita har saiwa aka tone aka yi gawayi da ita, muryarta kawai ta rage a can ƙasa. Wata yarinya ta tambaye ni ko ba za a iya yi mata komai ba. Na ce sai dai a shuka ƙwallon jikarta. Ta yi shiru ta rubuta wani abu a bayan littafinta.

Alƙaluma da sunayen ƙasashe, ka ajiye su a shafin ƙarshe. Ni nakan mai da shi wasa: "Wanne ne gaskiya, wanne ne na Gizo?" Itatuwa na magana? Na Gizo. Kututture na rayuwa shekaru a ƙarƙashin ƙasa? Gaskiya. Kifi na kwana cikin busasshiyar laka? Nan ake rantse-rantse, har sai ɗan masunta ya tashi ya ba da shaida. A wannan shafin ne nake gaya musu labarin Maraɗi, in ce hekta ɗaya ta ɗara filin ƙwallo, su yi ƙoƙarin hango miliyan 5. Nan ne kuma nake kawo raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, waɗanda a 1996 ba su kai 50 ba, daga baya suka haura 600 saboda mutanen wurin da hukuma sun tsare su.

In za a yi zane, kada ka bar mai zane da son ransa, balle na'urar da ke ƙirƙiro hoto. Za su ba ka dajin Turai da itacen tuffa. Ɗauko hoton kalgo da wayarka, a ga ganyensa mai tsaga biyu, da gawo da ƙayarsa da murɗaɗɗun 'ya'yansa. Yaro ya buɗe littafi ya ce "irin na bayan gidanmu ne". Wanda ke son wasu su amfana yana iya ɗora labarinsa kyauta a shafukan intanet na littattafan yara, African Storybook ko StoryWeaver, duka suna karɓar Hausa, amma a gaskiya saƙon murya a WhatsApp ya fi saurin isa gidaje. Ko a ina za ka sa, rubuta ƙ da ɗ da ɓ da ƙugiyarsu, yara ne ke koyon karatu da shi.

Gwajin da na fi yarda da shi ba ya cin ko kwabo. Ba wa yaro ɗaya labarin da baki, washegari ka sa ya ba ƙanensa kana saurare daga gefe. Duk abin da ya tsallake, duba shi da kyau, galibi nan ne ka ɓoye wa'azinka, sai ka cire. Abin da ya ƙara da kansa kuwa, roƙe shi ka sa a ciki. Ta haka akuyar Hansai ta sami suna, ni ban raɗa mata ba.

Sai lokacin bayarwa. Ka saki tatsuniyar a watan Maris ko Afrilu, gab da sharar gona, lokacin da tohon ke tsaye kuma adda ba ta riga ta bi ta kansa ba. Kada ka tura yara gonakin mutane da wuƙaƙe. Ka je da kanka wurin mai gonar da ke kusa da makaranta, ka gaishe shi, ka roƙi aron kututture biyu ko uku a gefen iyaka inda ba za su tare garma ba. Wuƙar ta zauna a hannunka ko hannun mai gonar, yara su zaɓi rassan da za a bari, su kawo ƙyallen, su sara ƙaya su kewaye. A rubuta sunayen masu duba wurin kowane mako a manna a bangon aji, har da makonnin hutu, don a hutun ne awaki suka fi samun sarari.